Zarton Inji: Yadda Ake Saita Shi da Ƙara Masa Ƙarfi

Akan sami zarton inji guda biyu, ƙirar kamfani ɗaya, girma ɗaya, shekarunsu ɗaya a bakin aiki, amma idan aka ɗora su a kan gungumen maɗaci sai ɗaya ya gama yanka uku kafin ɗayan ya gama biyu. Mai raggon zarton yakan ɗora laifin a kan inji, ya nufi wurin makaniki ya ce a buɗe masa wuta. Makaniki kuwa ya ɗauki sukuddireba ya murɗa allurar kafireta har sai injin ya ɗauki wata siririyar ƙara mai daɗin ji, kowa ya gamsu cewa an yi gyara. Sau da yawa wannan ƙarar ita ce alamar cewa injin ya kama hanyar ƙonewa. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, da kuma wuraren da ƙarfin zarto yake ɓoye a haƙiƙa.

Na'urar ba ta daɗe a duniya ba. A 1926 Andreas Stihl na ƙasar Jamus ya ƙera mai aiki da lantarki, a 1927 Emil Lerp ya fito da mai shan fetur, shi ma Stihl ya biyo da nasa a 1929. Waɗannan na farko sun haura kilo 40, sai mutum biyu sun kama. Na yau kuwa mutum ɗaya ke riƙe shi, kuma fistin ɗinsa kan hau ya sauka har sau 13,000 a minti ɗaya, wato fiye da sau 200 a kowane sakan. Abin da ke gudu haka ba ya yafe ƙaramin kuskure.

Sarƙa ce mafari

Inji ba ya yanka komai. Sarƙa ce ke yanka. Tana zagaya wani dogon faffaɗan ƙarfe da za a kira takobi a nan saboda kamarsa. Siffar haƙorin sarƙa da ake amfani da ita yau ta samo asali ne daga wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, wanda ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da lanƙwasassun muƙamuƙanta, dama da hagu, ya kuma fara ƙera sarƙa a kan wannan tsari a 1947. Haƙorin ba gurzar itace yake yi ba kamar zarton hannu, fere shi yake yi kamar gizago. Don haka sarƙa mai kaifi sassaƙe take fitarwa, fala-fala. Wadda ta dakushe kuwa sai gari kamar dusa. Duk zarton da ke fitar da gari, ba kafiretarsa ce ke bukatar hannu ba.

Ga ɗan lissafi. A sarƙar da aka fi sani, mai awon inci 3/8, kowane haƙori na faifan da ke jan ta yakan tura ta milimita 19. Faifai mai haƙora 7 ke nan yana tura ta milimita 133 a juyi ɗaya. Idan inji na juyi 9,500 a minti cikin itace, sarƙar na gudun kimanin mita 21 a sakan, wato kilomita 76 a awa, kuma fiye da haƙora 500 ne ke ratsa itacen a kowane sakan. Idan kowannensu ya kasa ɗauko rabonsa, asarar ta ninku sau 500.

Abu biyu ake kula da su wajen wasa sarƙa. Na farko shi ne kusurwar bakin haƙori: digiri 30 ko kusa da haka don yanka gungume a gicciye, digiri 10 kuwa don tsaga shi a tsawonsa domin fitar da katako. Magagarin ma zagayayye ne, kuma kowace sarƙa da nata: milimita 4.8 ga mai awon inci 0.325, milimita 5.2 ko 5.5 ga mai 3/8. Na biyu, wanda masu aiki da yawa ba su san da shi ba, shi ne ɗan tozon da ke gaban kowane haƙori. Shi ke ƙayyade zurfin da haƙorin zai nutsa, kuma a yawancin sarƙoƙi ya kamata ya gaza bakin haƙorin tsawo da milimita 0.65. Da yake saman haƙori a gangare yake zuwa baya, duk wasawa tana rage masa tsawo, har a wayi gari tozon ya yi daidai da shi; a nan sai a ga sarƙa mai kaifi kamar aska tana zamewa a kan itace ba ta ci. Maganin shi ne a rage tozon bayan kowace wasawa uku ko huɗu, da ma'auni ba da ido ba. Wanda ya zarce wajen ragewa ya sami sarƙa mai cafka, mai girgiza hannu, mai saurin sa takobi ya yi tsalle baya zuwa fuskar mai riƙe da shi idan saman bakinsa ya taɓa wani abu. Itace mai tauri irin kirya ma ƙaramin cizo yake so, ba babba ba.

Numfashin inji mai bugu biyu

Injin zarto ɗan'uwan ƙaramin janareta ne da ake haɗa wa fetur da mai a tanki ɗaya. Ba shi da bawul irin na mota. A jikin silindarsa akwai tagogi, fistin da kansa ke buɗe su yana rufewa. Idan ya hau sama, sai ɗakin da ke ƙarƙashinsa ya zuƙo haɗin iska da fetur daga kafireta. Idan wuta ta tashi ta turo shi ƙasa, sai ya fara buɗe tagar hayaƙi, sannan ya matse sabon haɗin da ke ƙasa ya kora shi ta wasu hanyoyi na gefe zuwa saman silinda, sabon ya tura tsohon waje. Wuta na tashi a kowane juyi, ba kamar injin mota ba da sai ya yi juyi biyu. Wannan ne sirrin ƙarfinsa duk da ƙanƙantarsa.

Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: injin ba shi da wurin ajiye baƙin mai. Duk man da zai shafe fistin da ringi da sauran sassa masu juyi, cikin fetur yake shigowa. Yawancin kamfanoni suna cewa a haɗa kashi 1 na mai da kashi 50 na fetur, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a jarka mai lita 5; tsofaffin injuna da mai mara inganci sukan bukaci 1 cikin 25. Bugu da ƙari, fetur da kansa yana sanyaya fistin yayin da yake zama tururi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Ashe fetur a wannan inji aiki uku yake yi: abinci ne, shi ne ke ɗauke da man shafawa, shi ne kuma ruwan sanyi. Wanda ya rage shi ya rage duka ukun.

Kafireta da alluranta

Aikin kafireta shi ne auna fetur daidai da iskar da ke shiga. Ta zarto ba ta da kwanon da fetur ke taruwa kamar ta babur. Wani tantanin roba ne ke buga fetur yana auna shi, shi ya sa zarto ke aiki a kwance, a tsaye, ko a kife. Masana kimiyyar sinadarai sun nuna cewa giram 1 na fetur yana bukatar giram 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Sai dai inji ya fi ba da ƙarfi idan fetur ya ɗan fi haka yawa, wato giram 12 zuwa 13 na iska ga giram 1 na fetur. Idan fetur ya yi yawa, sai a ce haɗin ya yi kauri. Idan ya yi kaɗan, haɗin ya tsinke, kamar dai kunu.

A gefen zarto akwai ramuka uku. Biyu na allurai ne: mai alamar L tana kula da fetur a ƙaramin gudu, mai alamar H kuwa a cikakken totur. Na ukun, mai alamar T ko LA, kusar silo ce, wadda ke ƙayyade gudun inji idan an saki totur. Murɗa allura dama, yadda hannun agogo ke tafiya, yana tsuke hanyar fetur ya tsinka haɗi. Murɗa ta hagu yana kaurara shi.

A nan tarkon yake. Idan zarto na sama ba ya cikin itace, aka riƙa murɗa H dama, gudun injin sai ya yi ta hawa, ƙararsa ta yi ta washewa. Kunne yana jin ƙarfi, alhali kuwa ba ƙarfi ba ne, gudu ne kawai na injin da ba ya ɗauke da kaya. Da zarar an kafa shi cikin babban gungume sai ya nuna kasala, zafi kuma ya yi ta taruwa a gefen fistin da ke fuskantar tagar hayaƙi. Fistin na alminiyon ne, wanda ke narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, kuma tun kafin a kai nan yakan kumbura fiye da silindar da ke riƙe da shi. Ɗan siririn man da ke tsakaninsu ya ƙafe, ƙarfe ya gogi ƙarfe, alminiyon ya shafu a bangon silinda, ringi ya maƙale, inji ya buga. Wannan kan iya faruwa cikin 'yan mintoci. Kauri kuwa laifinsa hayaƙi, da ɓarnar fetur, da baƙin fulogi, da ɗan raguwar ƙarfi. Ɗayan kuskuren kuɗin fulogi yake ci, ɗayan kuma kuɗin fistin da silinda. Don haka mai hankali idan zai kauce wa daidai, ɓangaren kauri yake kaucewa.

Kafin a taɓa allura, sai an wanke matatar iska, an zuba sabon haɗi, an duba cewa tazarar bakin fulogi milimita 0.5 ce, an ɗaura takobi da sarƙa an ja ta daidai. Ba a tayar da zarto ba tare da su ba, domin kuloci na iya kwancewa ya tashi. Sai a bar injin ya yi ɗumi na kamar minti biyar. Ana farawa da L: a murɗa dama a hankali har gudun ya hau ya fara sarewa, a komo hagu har ya fara tangaɗi, a tsaya tsakani, sannan a ɗan ƙara hagu. Gwajinta shi ne a danna totur farat ɗaya. Idan injin ya yi jinkiri kamar mai shaƙewa kafin ya amsa, yana neman ƙarin fetur. Daga nan sai kusar silo, a saita ta yadda injin ba zai mutu ba, sarƙa kuma ba za ta motsa ba ko kaɗan, wanda a yawancin zarto yakan faɗa tsakanin juyi 2,500 da 2,800. Sarƙar da ke tafiya alhali an saki totur ta sha yanke ƙafar mai ita.

Allurar H ce ta ƙarshe, kuma ba a murɗa ta fiye da kashi ɗaya cikin takwas na juyi a lokaci guda. Ana danna totur duka na 'yan sakanni a saurara. Abin da ake nema shi ne wata 'yar gargada a cikin ƙarar, kamar injin na tsallake bugu, wadda ke nuna akwai ɗan rarar fetur. Sai a kafa sarƙa cikin gungume: idan gargadar ta ɓace ƙarar ta miƙe, ta kuma dawo da zarar an ɗaga, to an dace. Idan ta zauna har cikin itace, kaurin ya yi yawa. Idan babu ita sam ko a sama, haɗin ya tsinke. Sai dai wasu sababbin injuna suna da na'urar da ke katse wutar fulogi idan gudu ya kai iyaka, kuma ƙarar katsewar tana kama da gargadar, har ta yaudari gwani. Ga irin waɗannan, na'urar ƙidayar juyi ce mafita, a bi adadin da kamfani ya rubuta, wanda ga zarton ƙwararru na zamani yakan kasance tsakanin 12,500 da 14,000. Wannan adadi bai shafi tsofaffin manya ba, irin Stihl 070 mai cc 106 da masu fitar da katako a Afirka ta Yamma suka daɗe da sani. Shi gudunsa bai kusanci haka ba, ƙarfinsa a ja yake.

Idan an yi duk wannan injin ya ƙi zama, gudunsa na hawa da sauka shi kaɗai, ko silo ya canza idan an karkata zarton gefe, to iska ce ke satar hanya ta wata tsagaggiyar roba. Ba allura ce za ta gyara wannan ba, kuma ci gaba da aiki da shi daidai yake da tsinka haɗi da gangan.

Iskar yau ba ta jiya ba ce

Saiti ba ya dawwama, domin kafireta ba ta san nauyin iskar da take zuƙa ba. Iska tana sauƙaƙa yayin da aka hau tudu. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, nauyinta ya ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari. A tsaunin Mambila, kusan mita 1,600, ragin ya kusa kashi 15. Zarton da aka saita a kwari aka hau da shi can, haɗinsa zai yi kauri, ya yi nauyin jiki, amma ba zai cutu ba. Hatsarin yana wajen saukowa: wanda aka saita daidai a Jos, aka gangaro da shi kwarin Binuwai ba a sake duba shi ba, zai sami iska fiye da fetur ɗin da aka auna masa. Haka ma zafi da sanyi. Iskar tsakar ranar bazara mai digiri 40 ta fi ta asubahin hunturu mai digiri 15 sauƙi da kashi 8 cikin ɗari, don haka saitin watan Afrilu tsinkakke ne a watan Disamba.

Ƙurar hunturu kuma tana da nata makirci. Tana toshe matatar iska, haɗi ya yi kauri, mai zarto ya tsuke allura don ya rama. Ranar da ya wanke matatar ya manta da allurar, ranar injin zai ƙone, ya ce kuma wankin ne ya jawo. Fetur ɗin da aka gauraya da kalanzir ma yana sa haɗi ya fashe kafin lokacinsa ya ƙwanƙwashi kan fistin, kuma haɗin da ya kwana fiye da wata guda a jarka ya fara lalacewa.

Sauya ƙira

Sai bayan duk wannan ake maganar sauya abin da kamfani ya ƙera. Mafi sauƙi shi ne faɗaɗa kafar salansa. Tun daga shekarun 1990 dokokin hayaƙi na Amurka, daga baya na Turai, suka sa kamfanoni tsuke saitin injuna da sanya wa allurai hular roba mai hana su juyawa da yawa, salansar da yawa daga cikinsu kuma matsattsiya ce. Idan aka buɗe kafar, hayaƙi na fita da sauri, zafi na raguwa, injin na zuƙar ƙarin iska. Amma ƙarin iska ba tare da ƙarin fetur ba tsinkewa ce. Wajibi ne a sake buɗe H nan take. Akwai kuma farashi. Zarto da ma yana ƙarar da ta haura desibel 100, alhali ma'aunin da aka yarda kunne ya jure na awa takwas shi ne 85, kuma kowane ƙarin desibel 3 ninki ne na ƙarfin sauti. Ragar ƙarfen da ke bakin salansa kuwa tartsatsi take tarewa. A wanke ta idan ta toshe, amma cire ta a dajin da ciyawa ta bushe neman gobara ne.

Mataki na gaba shi ne ƙara matsi. Tsakanin kan fistin da rufin silinda akwai 'yar tazara da ake aunawa ta hanyar cusa wayar dalma ta ramin fulogi, a juya inji da hannu ya latse ta, a auna kaurinta. Ana rage tazarar da sanya gasket mai sirantaka a gindin silinda, amma masu wannan sana'a ba sa yarda ta gaza kimanin milimita 0.5, domin ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi. Mafi wuya shi ne sassaƙar tagogin silinda. Ɗaga saman tagar hayaƙi yana sa ta buɗe da wuri, injin ya ƙara gudu amma ya rasa ƙarfin ja. Faɗaɗa ta fiye da kusan kashi biyu cikin uku na faɗin silinda yana sa ringi ya leƙa ciki ya karye. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, garantin kamfani ma ya tafi. A gasar saran itace ta Stihl Timbersports, da aka fara a Amurka a 1985, akwai zarton da ake ƙerawa da injin babur ko na abin hawan ƙanƙara, mai yanka faifai uku daga gungume mai faɗin santimita 46 cikin ƙasa da sakan 10. Abin kallo ne, amma injin da aikinsa na sakan 10 ne ba abin koyi ba ne ga mai neman abinci da zarto daga safe zuwa la'asar.

Akwai sauyin da bai taɓa inji ba. Faifai mai haƙora 8 maimakon 7 yana ƙara wa sarƙa gudu da kashi 14 cikin ɗari, ya rage mata ƙarfin ja da kusan haka. Ya dace da babban inji mai gajeren takobi a itace mai taushi, bai dace da kirya ba. Rage tsawon takobi ma ƙarin ƙarfi ne, domin haƙoran da injin ke ja cikin itace sun ragu. Sababbin zartuna masu tsarin M-Tronic na Stihl ko AutoTune na Husqvarna ba su da allurar H da L sam, ƙaramar kwamfuta ce ke auna fetur tana gyarawa. Stihl MS 500i da ya shiga kasuwa a 2019 ko kafireta ba shi da ita, feso fetur yake yi. Su ma dai tsagaggiyar roba da gurɓataccen fetur suna kashe su.

Duk wanda ke son sanin abin da saitinsa ya yi wa inji, ko yake shirin sayen zarto na hannu, ba sai ya farke shi ba. Fulogin injin da ke daidai launin ƙasa-ƙasa yake yi. Baƙi mai danshi kauri ne, fari ko toka-toka kuwa tsinkewa. Idan aka kwance salansa aka ja igiya a hankali, ana hango gefen fistin ta tagar hayaƙi. Lafiyayye sumul yake, da ɗan danshin mai, ringinsa na motsi idan an taɓa. Wanda ya sha zafi kuwa za a ga zane-zane a tsaye daga sama zuwa ƙasa, kamar an ja shi a kan tsakuwa, kuma irin wannan sai an sake fistin, an kankare alminiyon da ya manne a silinda, an kuma gano abin da ya tsinka haɗin kafin a sake tayar da shi.